Waiwaye Adon Tafiya: Masu Bi da Littafin Kwanakinsu

Karatunmu yana cikin Littafin Ƙidaya sura 33. Masu riƙe da tsohon juyi na 1932 za su same shi da sunan Littafin Lissafi. Na sani sura ce da yawancinmu muke tsallakewa, gama ba kome a cikinta sai sunayen wurare: an tashi daga nan, an sauka can, an tashi daga can, an sauka gaba, har zango wajen 40. Amma aya ta 2 ta gaya mana Musa ne ya rubuta su, kuma bisa ga umarnin Ubangiji ya yi. In ka natsu ka bi sunayen, za ka ga inda mai rubutun ya ɗan tsaya ya ƙara magana. A Elim ya ce akwai maɓuɓɓugan ruwa 12 da itatuwan dabino 70. A Refidim ya ce jama'a ba su sami ruwan sha ba. A Dutsen Hor ya rubuta mutuwar wansa Haruna, da wata, da rana, da shekarunsa 123. Wato mutum ne yana tafiya, yana ajiye labarin inda ya sha, da inda ya ji ƙishirwa, da inda ya rasa ɗan'uwa.

Yau tarihi za mu bi, tarihin masu bi waɗanda suka ɗauki wannan al'ada ta Musa, suka riƙa zama kowace rana suna rubuta abin da ya same su da abin da ke cikin zuciyarsu a gaban Allah. Za mu ga abin da ta amfane su, za mu kuma ga inda ta kāsa.

Mu da muke zaune a Katsina ba baƙin alƙalami ba ne. Birnin nan na malamai ne tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana shaida. A nan Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina suka yi rubuce-rubucensu a ƙarni na 17. Daga ƙasar nan Muhammadu al-Katsinawi ya fita, ya rubuta littafi a kan lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Da zamanin boko ya zo, a nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Sarki Muhammadu Dikko ya tafi Ingila da Makka a 1921, Malam Bello Kagara kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa daga baya. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a birnin nan, da ya je Ingila a 1943 bai dawo da baki kawai ba, ya mai da tafiyar littafi. Maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu riƙe alƙalami a ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru, kuma ba abin kunya ba ne mu faɗa. Amma kada wani ya ce rubuta kwanaki a gaban Allah al'adar Turawa ce da aka kawo mana jiya. A cikin ikilisiya, 'yan Afirka suna cikin waɗanda suka fara ta.

A shekara ta 203, a birnin Kartaj, cikin ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu, aka kama wata mace mai suna Farfetuwa saboda bangaskiyarta. Shekarunta wajen 22, tana da goyo. A cikin kurkuku ta riƙa rubuta abin da ke faruwa: duhun wurin da zafinsa, damuwarta a kan jaririn da take shayarwa, zuwan mahaifinta tsoho yana roƙonta ta yi mūsun Kristi domin ta tsira, da mafarkan da ta yi. Ba ta ɓoye tsoronta ba. Ta rubuta har zuwa jajiberen ranar da za a jefa su ga namomin jeji, ta kuma bar sauran labarin ga duk wanda ya ga dama ya ƙarasa. Wani kuwa ya ƙarasa shi. Yau shekara fiye da 1,800 ke nan ana karantawa, yana kuma cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da muke da su daga hannun mace Kirista. 'Yan'uwa mata na Zumunta, ku riƙe wannan.

A Masar kuma akwai Antoniyus, wanda ya yi zaman kaɗaici a hamada, ya rasu a 356. Bishop Atanasiyus na Iskandariya, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce Antoniyus yakan shawarci almajiransa su riƙa rubuta ayyukansu da tunanin zuciyarsu, sai ka ce za su karanta wa juna. Dalilinsa mai sauƙi ne: mutum ba ya son yin abin kunya a gaban ido, to, bari takarda ta zama idon. Bayansa sai Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda wajen shekara ta 400 ya rubuta labarin ransa dukansa a matsayin addu'a, yana magana da Allah kai tsaye daga farko har ƙarshe. Har satar 'ya'yan itace da ya yi da abokansa yana ɗan shekara 16 bai bari ba, ya zauna yana tambayar kansa me ya sa ya yi, tun da ba yunwa yake ji ba.

To, mu dawo gida. A farkon 1853, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello, wani Bajamushe matafiyi ya sauka a birnin nan karo na biyu, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato da Tambutu. Sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasar nan Abdulkarim aka san shi. Mutum ne wanda ba ya kwana sai ya rubuta abin da ya gani. Daga rubutunsa muka san ganuwar Katsina ta kai wajen mil 13 a kewaye, amma mutanen da ke ciki a lokacin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, yawancin wurin fili ne da gonaki. Shi ne kuma ya yabi Hausar Katsinawa a kan ta sauran wurare, abin da har yanzu ba mu gaji da tuna wa Kanawa ba.

Amma ba Barth ne ya dame ni ba. Cikin yaransa akwai wani ɗan Bahaushe mai suna Dorugu, wanda bai wuce shekara 13 ko 14 ba a lokacin. Mutumin Dambanas ne, a ƙasar Damagaram. An kama shi bauta yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har Kukawa ta Barno, inda abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya fanshe shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a 1852, yaran suka bi Barth. Ku duba, jama'a: wannan yaro ya shiga ƙofar Katsina yana bin bayan raƙuma, ba wanda ya kula da shi, ba wanda ya tambayi sunansa. Ya je Tambutu ya dawo, ya ƙetare hamada, ya isa Landan a 1855.

A Ingila aka haɗa shi da wani ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo. Dorugu ya zauna a gidansa yana ba da labarin ransa da Hausa, Schön yana rubutawa da haruffan boko: gidan ubansa, ranar da aka kama shi, kasuwannin da aka kai shi, garuruwan da ya bi, har da yadda Turawa ke zaman cin abinci, wanda ya ba shi mamaki ƙwarai. An yi masa baftisma a 1857 da sunan James Henry Dorugu. Da taimakonsa Schön ya ci gaba da juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ya kuma fitar da ƙamus a 1876. Labarin Dorugu kansa ya fito a 1885 cikin littafin da ake kira Magana Hausa. Ya komo Afirka a 1864, daga baya ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912.

Gaskiya ita ce Dorugu bai riƙe littafin kullum ba. Daga ka ya faɗa, wani ya rubuta. Amma ku yi tunani. Dubban yara nawa aka kora ta wannan hanya, aka sayar a Kukawa da Kano da Katsina? Kowannensu yana da uwa, yana da suna, yana da abin da ya gani. Yawancinsu sun tafi shiru. Shi kuwa muna iya jin muryarsa, don kawai an sami wanda ya zauna ya sa maganarsa a takarda. Tarihin rayuwa na farko da aka rubuta da Hausar boko, na yaro ne bawa wanda ya zama mai bi.

Shi kuwa Schön, a 1841 ya hau kogin Kwara cikin jiragen da gwamnatin Ingila ta aiko, tare da wani malamin makaranta Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma fansasshen bawa ne. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyar, aka komo ba a cim ma abin da aka fita nema ba. Amma su biyun kowa ya riƙe littafinsa na kullum, aka buga su tare a 1842. Da shugabannin CMS suka karanta na Crowther, suka ga irin hankalinsa, sai suka kira shi Ingila, aka naɗa shi fasto a 1843. Shi ne ya zama bishop a 1864. Doka ce a CMS a wancan zamani kowane ma'aikaci, Bature ko baƙar fata, ya riƙa rubuta aikinsa na kowace rana, a aika da shi Landan. Wannan doka ta ajiye mana tarihi mai yawa. Sai dai ina da abin faɗi a kanta. Rubutun da ka san maigidanka zai karanta, wanda kuma albashinka ke rataye a kansa, da wuya ka faɗi dukan gaskiya a ciki. Za ka rubuta wa'azin da ka yi da mutanen da suka taru. Ranar da ka kwana kana shakka, ko ka yi faɗa da matarka, ba za ta shiga ba. Rahoto dabam, addu'a dabam. Har yau masu bishara da ke cika takardar rahoton wata sun san abin da nake nufi.

Wanda ya rubuta ba don idon maigida ba, shi ne Walter Gowans. 'Yan ECWA sun san labarin. Samari uku, Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas a watan Disamba 1893, ba wata ƙungiya a bayansu, da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, wato ƙasarmu. Bingham ya kwanta ciwo ya tsaya a Legas. Gowans ya kutsa cikin ƙasa, mahara masu kamen bayi suka kewaye garin da ya sauka, ga yunwa, ga ciwo. A watan Agusta 1894 ya rubuta a littafinsa yana ganin mutuwa ta kusa. Abin da ya ajiye a wurin shi ne bai yi da-na-sanin fitowa ba, yana kuma da tabbacin Allah ne ya kira shi. Ya mutu a Girku a watan Nuwamba, Kent kuma ya mutu a Bida a watan Disamba na shekarar. Ba su yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. In da rahoto za a nema, babu abin rubutawa. Sai a 1902 aka iya kafa tasha ta farko a Patigi. Amma littafin Gowans ya tsira, kuma duk wanda ya karanta tarihin SIM ya gamu da wannan shafi.

Yanzu bari in faɗi abin da ba a cika faɗi ba in ana yabon wannan al'ada. Rubutun kullum ba ya tsarkake kowa. A Madagali, cikin Adamawa, wani hakimi mai suna Hamman Yaji ya sa ana rubuta masa kwanakinsa daga 1912 zuwa 1927. An buga littafin da Turanci a 1995. A ciki akwai harin da ya aika kan mutanen duwatsu, da adadin bayin da aka kamo, da shanu, an jera su kamar lissafin kasuwa. Kada kuwa wani ya yi saurin nuna yatsa, gama namu ya fi ba ni tsoro. John Newton, Baturen Ingila wanda daga baya ya zama fasto, ya rubuta waƙoƙin sujada da ake rerawa har yau, kyaftin ne na jirgin bayi daga 1750 zuwa 1754, yana zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. A lokacin ya riga ya ce ya tuba. Littafi biyu yake riƙe da su. A ɗaya yana rubuta addu'o'insa, da sanyin zuciyarsa, da alkawaran da ya yi wa Allah. A ɗayan yana rubuta mutanen da ya saya da waɗanda suka mutu a cikin jirgi, ba da suna ba, da lamba. Hannu ɗaya ne, alƙalami ɗaya, jirgi ɗaya. Yana binciken zuciyarsa kowace rana a kan ƙananan laifofi, ga mutane ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafarsa, bai gani ba. Sai a 1788, bayan shekara fiye da 30, ya fito ya rubuta a fili cewa cinikin nan mugunta ne, yana kuma jin kunyar hannunsa a ciki.

Hausawa sun ce laifi tudu ne. Mutum yana iya cika littafi goma bai taɓa rubuta tudun da yake tsaye a kai ba. Shi ya sa, a ganina, wanda zai yi wannan aiki kada ya raba littafin addu'a da littafin ciniki. Bashin da ka ƙi biya, yarinyar gida da ba ka ba ta hakkinta ba, mudun da ka danne, su shiga shafi ɗaya da ayar da ka karanta da safe. Kuma a sa Maganar Allah a gefe, a bar ta ta yi tambaya, gama zuciya in ita kaɗai ce mai tambaya da mai amsa, kullum ita ke da gaskiya. Akwai kuma ramin da ke ɗaya gefen. John Wesley ya fara littafinsa a 1725, bai ajiye ba sai kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a 1791. Yana saurayi har awa-awa yake rubutawa, yana ba kansa maki a kan zafin ibadarsa. Bai sami salama ta wannan hanya ba. Ya same ta ne a 1738, ranar da ya gane ceto ta wurin alheri yake. Bai bar rubutu ba bayan haka, amma ya daina neman ceto a cikinsa.

To, yaushe alƙalami ya iso hannun masu bi na ƙasar Katsina? Ya daɗe bai iso ba. Ayarin Bishop Tugwell, wanda Likita Walter Miller yake ciki, ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Da Turawan mulki suka ci ƙasar, Lugga ya shiga Katsina a 1903 ta Ƙofar 'Yanɗaka, suka kuma hana 'yan mishan aiki a ƙasashen sarakunan Musulmi. Miller ya sami zama a Zariya a 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa. Shi da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Katsina kuwa ƙofarta a rufe take, sai ciwo ya buɗe ta. Wajen 1937 aka yi shiri tsakanin gwamnati da hukumomin En'e da SIM, mishan ta karɓi kula da masu ciwon kuturta a lardunan Kano da Sakkwato da Katsina. Na Kano a Yadakunya, na Sakkwato a Amanawa, namu kuwa a Babbar Ruga, a kan hanyar Batsari, zamanin Sarki Dikko.

A wancan lokaci maganin kuturta allurar wani mai ne mai zafi, ana yi ana sakewa, mutum ya yi shekaru a wurin. Ƙwayar da ta fi aiki sai wajen 1950 ta bazu. Cikin wannan dogon zama aka buɗe ajin karatu. Mutanen da danginsu suka guje su, waɗansu yatsunsu sun riga sun lalace, su ne suka zauna suna koyon a, ba, ca. Waɗansu suka ba da gaskiya, da aka sallame su suka koma ƙauyukansu da Littafi a hannu. Aikin ya bazu zuwa Matazu da ƙasar Malumfashi, musamman cikin Maguzawa. A shekarun 1950 gwamnati ta fito da Yaƙi da Jahilci, ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, a shekarar kuma gidan rediyon ELWA ya fara watsa shiri daga Laberiya. Daga baya Muryar Bishara ta riƙa shirya nata a Jos. Manomi ya saurara da dare, ya sa ɗansa ko shi da kansa ya rubuta wasiƙa zuwa gidan rediyo. Ga mutane da yawa, wasiƙar nan ce karo na farko da suka sa abin da ke zuciyarsu a takarda. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitoci da makarantun mishan. Ikilisiya kuwa ta ci gaba: Anglikan suka kafa dayosis na Katsina a 1990, Katolika kuma a 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar nan.

Kawuna yana cikin mutanen wancan zamani. Ya girma bai san baƙi ba, sai da ya yi aure ya shiga ajin manya. Daga ranar da hannunsa ya faɗa, bai bar rubutu ba. Littafin rubutu irin na 'yan firamare yake saye a kasuwa, da fensir da yake fiƙewa da reza. Bayan cin tuwon dare sai ya jawo fitila. Ba ya wuce layi biyu ko uku: kwanan wata, inda ya karanta, abin da ya faru, wanda ya yi wa addu'a. Muna yara muna yi masa dariya, muna cewa Kawu yana rubuta wa gwamna takarda. Da ya rasu aka zuba littattafan cikin kwali aka tura ƙarƙashin gado. Laifinmu ne, mu da muka yi boko. Da na tuna da su bayan shekaru, na jawo kwalin, sai ƙasa. Gara ta cinye duka, biyu kaɗai suka tsira, su ma gefensu ya tafi.

Na zauna na karanta biyun nan a dare ɗaya. Ba wani babban abu a ciki. An yi ruwa. Akuya ta ɓata. An yi jana'iza. Amma na ga sunan wani maƙwabcinsa da suka yi rikicin iyakar gona, yana dawowa kusan kowane mako. Da fari ƙara yake kai shi wurin Allah, da zafi. Can tsakiyar littafin sai ya rubuta cewa ya karanta Matiyu sura 5, bai ji daɗinta ba. Bayan makonni sai na ga ya fara roƙa wa mutumin lafiya, gama ciwo ya kama shi. A littafi na biyu ya rubuta ranar da ya tafi da 'ya'yansa suka nome masa gonar. Ban taɓa jin wannan labari a bakin kowa ba, shi ma bai taɓa faɗa a majami'a ba. Ina zaton shi kansa bai san yana sākewa ba sai da ya waiwaya ya karanta. Wannan ne amfanin abin da ban gane ba ina yaro. Aikin Ruhu a cikin mutum kamar girman dawa yake, ba ka ganinsa in kana tsaye a kai, sai ka sa alama a kara ka dawo.

Ga abin da ke damuna. Wanda yake so ya rubuta tarihin ikilisiya a ƙasar Katsina yau, ina zai je? Takardun CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila. Na SIM suna Amurka. Na gwamnati suna gidan ajiyar takardun tarihi a Kaduna. Yawancinsu da Turanci suke, kuma idon baƙo ne ya gani ya rubuta. Za ka sami sunan likita da ranar da ya iso. Wanda ya wanke gyambo, wanda ya yi tafinta, matar da ta fara tara mata a gindin bishiya, sau da yawa ba su da suna a ciki, kamar yadda Dorugu zai zama da ba a zauna da shi ba. Namu labarin yana cikin kwalaye a ƙarƙashin gadaje, da bangon Littafi Mai Tsarki inda tsofaffi suka rubuta ranar haihuwa da baftisma, da gefen shafin Abincin Yini. A shekarun nan kuma 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Batsari da Ƙanƙara da wasu wurare, Musulmi da Kirista duka, mutane suka gudo da abin da ke jikinsu kawai. Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar kwali.

Saboda haka ina roƙon dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, kafin damina ta sauka a duba ɗakunan tsofaffi. Abin da aka samu a kaɗe shi, a shanya, a rubuta sunan mai shi da garinsu a bango, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa. Yaran da ke da waya su ɗauki hoton kowane shafi. In mai littafin yana da rai, a nemi izininsa tukuna, gama akwai abin da tsakaninsa da Allah ne, ba na kowa ba. Tsohon da bai iya rubutu ba, a zauna da shi yadda Schön ya zauna da Dorugu. Wanda kuma yake so ya fara nasa, kada ya jira sai ya sami dayari mai bangon fata. Littafin 'yan firamare ya isa, da Hausar da yake addu'a da ita.

Littattafan Kawu biyu suna wurina, na naɗe su cikin leda. Shafi na ƙarshe da ake iya karantawa yana da kwanan wata a sama, da Zabura 90, da cewa an yi ruwa da dare, da safe ya shuka gero.

A nan za mu dakata. Karatun gobe: Malakai 3:16-18.